Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Ina da shekara arba'in da takwas na sayi motar, yau ga ni na cika hamsin, amma har yanzu idan aka tambaye ni dalilin sayenta ba ni da amsar da ni kaina zan yarda da ita. Ja ce, gajera, cikinta ya kusa taɓa ƙasa, kuma kujerunta biyu ne rak, ta direba da ta gefensa. Rufinta na tamfol ne mai kauri. Idan aka danna wani maɓalli sai ya naɗe kansa ya kwanta a baya, mutum ya samu kansa a fili kamar wanda ya hau jaki. Wani abokin aikina ne ya shigo da ita daga Kwatano. Ya hau ta shekara guda, ƙugunsa ya fara ciwo saboda shiga da fita, ya shiga neman wanda zai raba shi da ita. Na je dubawa ne kawai, kamar yadda na faɗa wa kaina. Da la'asar na shigo da ita gida.

Matata ta fito ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ciki, ta nemi ƙofar baya ba ta samu ba. Ba ta yi mini faɗa ba, domin ba halinta ba ne. Ta ce Allah ya sa alheri, da irin muryar da ake yi wa wanda ya ce zai shiga siyasa. Motar iyali tana nan, doguwa mai kujeru bakwai. Na bar mata makullinta, na ce jar motar ta ƙarshen mako ce.

Ba zan ɓoye daɗin da na ji ba, ko da yake gajere ne. Idan na fito daga Kano da sassafe bayan an kwana ana ruwa, na naɗe rufin, na ɗauki hanyar Zariya, akwai wani wuri bayan Kura inda gonakin shinkafa ke shimfiɗe hagu da dama, iska ta kwaso ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta doki fuska. Motar tana jin magana. A ɗan juya sitiyari ta bi, a ɗan taka totur ta zabura kamar an tsikare ta, giyarta kuwa gajera ce, tafin hannu kawai take buƙata. A wannan ɗan tsakanin nakan manta da ofis da takardunsa da tarukan da ba sa ƙarewa. Amma abin ba ya wuce rabin sa'a. Daga nan rana ta ɗago ta sami tsakiyar kai, tirela ta sha gabana ta feso mini hayaƙi daidai hanci, domin bakin salansarta da fuskata tsayinsu ɗaya. Kowane rami sai na ji shi a ƙashin bayana. Kowane tudun rage gudu da mutanen gari suka yi a bakin kasuwarsu sai na hau shi a karkace, a hankali, ina jin cikin motar yana gurzar ƙasa, masu achaɓa suna wuce ni suna waige.

Ranar farko da na nufi gida da ita, iska ta ɗauke mini hula daidai mararrabar Bebeji. Na hango ta a madubi tana birgima a kwalta, kafin in tsaya wata motar itace ta bi ta kanta. Haka na shiga Yako, garinmu, kai ba hula, mutum mai furfura a gemu. A mota mai rufi da gilashi mutum yana iya wuce majalisar dattawa ya ɗaga hannu kawai, a ɗauka sauri yake yi. A wannan kuwa babu wurin ɓuya. Duk wanda na gani ya san na gan shi, dole in tsaya, in yunƙuro daga wannan ramin kujera, in durƙusa in gaishe shi. Daga bakin gari zuwa ƙofar gidanmu sau shida na fita.

Taubashina, ɗan kawuna, wanda wasa ya ba shi damar faɗa mini abin da wasu ke faɗa a bayana, ya daɗe yana kallonta hannuwansa a baya. Ya tambaye ni ko rabin motar aka fara kawo mini, sauran rabin yana cikin jirgi. Kafin in amsa sai ya ce ai ya gane, wannan ita ce motar da ta ƙi zumunci. Sunan ya bi ta har yau.

Ban iya musa masa ba. A garinmu mota ba ta fita da kujera ba kowa. Shekara ashirin, duk ranar da zan koma birni nakan tarar da mutane a gindin darbejiyar ƙofar gida: mai zuwa asibiti, mai zuwa biki, tsohuwa da buhun masarar da za a kai wa ɗanta a Kano, wani lokaci har da akuya a ɗaure. Ban taɓa cewa a'a ba, kuma ban taɓa yi da zuciya ɗaya ba. Wannan shi ne abin da na daɗe ina ɓoye wa kaina. Na gaji ne. Ina zargin cewa na nemi motar da za ta ce a'a a madadina, ni kuma in tsaya a gefe ina ba da haƙuri, a ɗora laifin a kan maƙerinta. Mutanen gindin darbejiya sun fahimci hakan kafin ni. Sun dai daina taruwa.

Akwai mutum ɗaya da ban yi tunaninta ba ranar da na saye ta, ko kuwa na yi tunaninta a wani lungu na zuciya da ba na son leƙawa. Ita ce mahaifiyata.

Ni ne ɗanta na fari, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ranar da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta goya ni ta kai ni ɗakinta. Can na girma, a tsakar gida ɗaya da mahaifiyata amma kamar da katanga a tsakaninmu. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Idan dole ta ambace ni sai ta ce "wancan", da na tafi karatu na zama "wancan na birni". Ba ta zama inda nake zaune, ba ta ci a gabana, ba ta kallon fuskata idan da mutane, kuma a gidanmu kullum da mutane. Idan na je gaishe ta nakan tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, kaina a sunkuye, ita kuma ta sami abin yi da hannunta, tsintar wake ko gyaran zare, ta amsa a taƙaice tana fuskantar bango. Duk maganar da ta wuce gaisuwa sai ta bi ta bakin autarmu, wadda ta yi aure a cikin gari kuma kusan kullum tana gidan. Inna ta ce wa auta ta tambayi wancan ya yaran suke, auta ta juyo ta tambaye ni, ni kuma in amsa wa auta, alhali mu ukun muna jin juna. A motar iyali ma haka ne. Inna takan zauna a baya daidai ƙeyata, inda madubi ba ya kamo ta, auta a gefenta.

Na yi karatu har na san sunayen da masana suka ba wannan ɗabi'a. Na sha bayyana wa baƙi a wurin aiki cewa kunya ce, kuma kunya irin wannan ƙauna ce da aka lulluɓe don kada a yi mata dariya. Na yarda da bayanin nawa. Sai dai bayani ba ya ƙosar da mutum. Na kai shekarun da abokaina suka fara binne iyayensu mata, sai na fara tunanin cewa mai yiwuwa Inna ta tafi, ko ni in riga ta, ba tare da ta taɓa faɗa mini wata magana tata ba, daga bakinta zuwa kunnena, babu ɗan aike a tsakani.

Wata Asabar ce cikin kaka, ana tsakiyar karyar masara. Na iso da hantsi, ban gama gaishe-gaishe ba aka kira wayar auta daga Doguwa. Ƙanwar Inna ce ba lafiya, kwana uku ba ta ci komai ba, kuma tun safe take tambayar yayarta. Su biyu ne suka rage daga gidan da suka tashi, a wani ƙauye da ruwan madatsar Tiga ya cinye tun kafin a haife ni. Wanda ya kira ya ce idan ana son a same ta da magana, to kada a bari sai gobe.

Ƙanena yana da a-kori-kura, amma ya lodi masara ya tafi kasuwa tun asuba, wayarsa ba ta shiga. Hanyar haya kuwa sananniya ce: achaɓa zuwa Kwanar Dangora, a jira bas ta cika, a sauka Tudun Wada a sake jiran wata, ga shi direbobi ba sa son shiga dajin Falgore idan rana ta yi sanyi. Gwiwoyin Inna kuma sun daɗe da ƙin achaɓa. Aka yi ta shawara a tsakar gida, kowa yana kauce wa ambaton abin da ke ajiye a ƙofar gida, ja, mai kujera biyu.

Inna ta ce wa auta a nemo mata achaɓa, za ta daure. Auta ta ce ba za ta kai ba. Inna ta ce to auta ta shiga tare da ita. Auta ta bayyana mata cewa babu wurin mutum na uku, ko kaza ce sai an riƙe ta a cinya. Inna ta ci gaba da ɗaure ƙullin kayanta tana kwancewa. Sai da aka kira baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya zama babban gida tun rasuwar mahaifin namu. Ya tsaya daga bakin zaure, ya ɗan ɗaga murya ya ce lalura ce, kuma lalura tana ɗage abin da ya fi wannan nauyi. Ya ce duk wanda ya yi dariya shi ne ya ji kunya. Inna ta gindaya sharaɗi ɗaya ta bakin auta: a rufe saman, ba za ta ratsa gari a buɗe kamar kayan talla ba.

Na rufe. Shigar da ita ya ɗauki lokaci, domin kujerar ta yi ƙasa ƙwarai. Auta ta riƙe hannunta, wata maƙwabciya ta tallafi bayanta, tana ta salati har ta zauna. Ta ɗora ƙullin a cinyarta, ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajena. Auta ta ɗaura mata bel, sannan ta zagayo ta tagata ta sunkuyo.

"Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa, "don Allah kada ka yi mata magana sai in ita ta yi. In ma ta yi, ka bi ta yadda ta ɗauko."

Na ce na ji. A raina har na ɗan ji haushi, yarinyar da na goya ita ke koya mini zama da uwata.

Ban taɓa sanin ƙanƙantar motar ba sai ranar. Tsakanin kafaɗata da tata bai wuce tafin hannu ba. Ina jin numfashinta, ina jin ƙanshin daddawa daga ƙullin, da na man da ta shafa. Duk sanda na kai hannu ga giya sai bayan hannuna ya shafi gefen mayafinta, ita kuma ta janye shi, ta ƙara matsawa jikin ƙofa inda babu sauran wurin matsawa. Na koma barin motar a giya ɗaya fiye da kima, inji yana kuka, don kawai in rage kai hannu. Muka fita daga Yako, muka ratsa Kwanar Dangora, muka miƙi hanyar kudu. Masara ta bushe a gonaki, an baza wadda aka karya a gefen titi tana shan rana. Na'urar sanyin motar ta daɗe ba ta aiki sosai, tamfol ɗin kuma baƙi ne, yana tara zafi kamar murfin tukunya. Kafin mu kai Tudun Wada rigata ta jiƙe, na hango ta da gefen ido tana share wuya da bakin mayafi.

Na yi ta gina jimloli a raina ina rushewa. Shekara da shekaru ina fatan a bar ni da ita mu biyu, yau an bar mu, ga shi ba abin da nake so kamar tafiyar ta ƙare.

Bayan Tudun Wada gidaje suka fara raguwa, gonaki suka ƙare, muka shiga daji. Itatuwa suka rufe hagu da dama, ba kowa a hanya sai mu da wata babbar mota can nesa. A nan ne ta yi gyaran murya, idonta a kan gilashin gaba.

"Direba," ta ce, "motar nan taku ba ta da iska ne?"

Na ɗauki ɗan lokaci kafin in gane da ni take. Mafita ta samo. Tunda babu auta, babu ɗan aike, to wanda ke riƙe da sitiyari ba ɗanta ba ne, direba ne, kuma tsohuwa tana da damar hira da direba duk tsawon hanya ba wanda zai ce ta yi abin kunya. Na tuna gargaɗin auta. Na ce, "Akwai, Hajiya, in kin yarda a buɗe saman." Ta dubi dajin ta ga babu idon kowa, ta ce a buɗe. Na tsaya na danna maɓallin. Da rufin ya ɗaga ya naɗe kansa ta ce ikon Allah, a hankali, ta riƙe mayafinta a haɓa.

Na ci gaba da tuƙi sannu-sannu yadda iska ba za ta dame ta ba. Sai hira ta ɓalle, irin wadda ban taɓa jin tana yi ba sai daga nesa, cikin mata 'yan uwanta. Ta tambayi direba ko birai ne waɗancan a kan dutse, ta ce a da sun fi haka yawa. Ta nuna masa itatuwa tana kiran sunayensu, ɗorawa da kaɗanya da marke da wasu da ban taɓa ji ba, da ciwon da kowanne ke magani. Ta yi ƙorafin gwiwa. Ta ba da labarin wata maƙwabciya da ta sayi maganin ƙiba ta ƙara ramewa, har na ji dariyarta, gajera, ta hanci, na gane cewa irin dariyata ce. Ni kuwa ba abin da nake cewa sai haka ne Hajiya, Allah Sarki Hajiya.

Da muka zo wata gada ta leƙa kogin, ta tambayi inda ruwan ya nufa. Na ce Tiga.

"To gidanmu za shi," in ji ta.

Ta ba direba labarin ƙauyen: kukar ƙofar gidansu, rijiyar da ba ta ƙafewa, ranar da manyan motoci suka zo kwasar mutane, da yadda ita da ƙanwarta suka zauna a kan buhun gero suna kallon rufin ɗakinsu yana ƙanƙancewa. Ba a daɗe ba aka kawo ta Yako aure, ƙanwar ta biyo ta zaman ɗaki. Sannan muryarta ta sauka, ta ce tana da ɗa a birni, babba ne, har ya fara furfura.

Na ce Allah ya yi masa albarka, Hajiya. Ta ce amin.

Ta ce da aka yaye shi aka ɗauke shi, kwana uku ta yi tana zazzaɓin nono, kuma ba ta isa ta yi kuka ba, domin matan gida suna jira su ga idonta su sami abin waƙa. Ta ce wannan ƙanwar da za mu dubo ita ce takan shiga ɗakin kakar da sunan wasa da yaro, ta saɓo shi ta zagaya bayan rumbu, ita kuma ta bi da ƙwarya kamar mai ɗebo hatsi, ta tsaya ta kalle shi iya kallo, wani lokaci ta shinshina kansa, sannan a mayar da shi. Ba wanda ya taɓa sani. Ta ce yana shekara huɗu ya faɗa kan murhu, garwashi ya ƙone masa ƙwaurin dama. Tana surfe a lokacin. Ta ji ihun, ta san muryarsa ce, duk matan gida suka ruga, ita kuwa ta ci gaba da daka, domin surukarta tana tsaye. Ta ce har geron ya zama gari a turmi ba ta sani ba.

"Ka ga, direba," ta ce, "shekara arba'in da wani abu, har yau ban san yadda tabon nan yake ba. Ko babba ne, ko ya baje. Ban taɓa samun yadda zan duba ba."

A nan na yi kuskuren. Na sha juya shi a raina, kuma ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Ƙafar tana nan a tsakaninmu, a kan totur, tabon yana ƙarƙashin wando. Abin da ya kamaci direba shi ne ya ce Allah Sarki, ya ci gaba da tuƙinsa, ya bar ta ta ƙarasa, domin na ji a muryarta cewa akwai saura. Amma ni ban ƙoshi da abin da aka ba direba ba. So nake a ba ni a hannuna. So nake, kamar yadda makaranta ta koya mini, a fito da magana fili kowa ya amsa matsayinsa. Na gangara gefen titi na taka birki, na ja ƙafar wandona sama, na juyo na dube ta sosai, abin da ban taɓa yi ba.

"Inna," na ce, "ga shi nan. Ni ne fa. Ki duba."

Ba ta duba ba. Ta juya fuskarta ga daji da sauri kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi, ta ja mayafin ya rufe har goshinta. Muka zauna haka, inji yana aiki, wani tsuntsu yana ta kuka a cikin itatuwa, ƙafata a buɗe kamar ta mai nuna ciwo a bakin kasuwa. Can ta yi magana, ba da ni ba, ba kuma da direba ba.

"A rufe motar. Ana jiranmu."

Na sauke wandon, na rufe saman. Daga nan har Doguwa ba ta ƙara cewa komai ba. Na gwada sau ɗaya, na ce Hajiya mun kusa, amma babu sauran direba a motar. Ni da kaina na sauke shi a daji.

Mun sami ƙanwar Inna da rai, da magana. Wannan kam motar ta yi, kuma ba na raina shi. Tana kwance a kan katifa a ƙasa, ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi murmushi. Inna ta zauna ta riƙe hannunta. Ni na tsuguna daga bakin ƙofa. Mara lafiyar ta tambayi yadda aka yi ta iso da wuri haka, Inna ta ce wata mota ce aka samu. Sai ta ɗago ido ta dube ni, ta dubi yayarta, ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "Mai motar nan ai na san shi tun a bayan rumbu." Inna ta ce mata ta yi shiru ta sha ruwa.

Na bar Inna can, na juyo bayan na yi azahar don in ratsa dajin da rana. Hadari ya haɗo, ruwa ya same ni kafin Tudun Wada, tamfol yana ɗiga a kafaɗata daga wani ɗinki da ya saki. Sai da na tsaya shan mai na lura da wani abu a kan kujerar da ta tashi: goro biyu farare, naɗe cikin ganye. Inna ba ta mantuwa da goronta. Haka take ba duk direban da ya kai ta wuri lafiya, na sha ganin ta miƙa wa auta ta miƙa masa. Ban sani ba ko wa ta bar wa, direban ko wancan. Ban ci ba. Suna nan a aljihun gaban motar, sun bushe sun yi baƙi.

Ƙanwar tata ta rasu ranar Laraba. Na je ta'aziyya da motar iyali cike da mutane. Inna ta zauna har sadakar bakwai, ƙanena ya je ya ɗauko ta cikin a-kori-kurarsa, auta a tsakiya.

Tun daga nan komai ya koma yadda yake. Motar tana nan a gefen gidana a birni, a lulluɓe. Maɓallin rufin ya lalace, bakanike ya ce sai an aiko da kayan daga waje, yanzu mutum biyu ke jan shi da hannu. Tuƙinta yana gajiyar da ni, ƙuguna ma ya fara irin na abokin aikina. Sau biyu aka zo saye, sau biyu na ce a dawo wani makon. Matata ta daina tambaya. Nakan ce wa kaina saboda gonakin shinkafar bayan Kura nake ajiye ta, amma na san ba gaskiya ba ne. Wata lalurar nake jira, wadda za ta sake tilasta wa Inna zama a kujerar nan, in yi shiru wannan karon, in ji sauran. Na kuma san irin lalurar da ke iya yin haka, ciwo ne ko mutuwa, sai in ji kunyar kaina da nake zaman jiranta. Na taɓa aika auta ta tambaye ta ko akwai inda take son zuwa, ko da Tiga ne ta ga ruwa. Amsa ta dawo cewa a gaya wa wancan tafiye-tafiyenta sun ƙare, saura guda ɗaya, ita kuwa ba a mota ake yin ta ba.

Da ƙaramar Sallar da ta wuce na je gaishe ta. Kafin in tsuguna a bakin ƙofa na tattare ƙafar wandon dama fiye da yadda na saba, kamar mai gudun ƙasa ta ɓata masa sabon ɗinki, na bar ƙwaurin a waje ta wajen haske. Ban ce komai ba bayan gaisuwa. Tana tsintar shinkafa a faifai. Na ji hannunta ya tsaya, ko kuwa dai tsintar ce ta zo ƙarshe. Kaina a sunkuye yake kamar yadda aka koya mini, don haka ban ga inda idonta yake ba, kuma ban ɗago ba. Sannan ta ce wa auta ta tambayi wancan ko ya ci abinci, auta ta juyo ta tambaye ni, na ce wa auta na ci.